An Neme Shi A Teku, Aka Tsince Shi A Hamada: Yadda Ake Tantance Labaran Faɗuwar Jiragen Yaƙi

Ranar 4 ga Afrilu, 1943, wani jirgin yaƙin Amurka samfurin B-24, wanda aka raɗa wa suna Lady Be Good, ya tashi daga filin Soluch da ke kusa da Bangazi a Libiya, ɗauke da mutum tara, zai je ruwan bama-bamai a birnin Naples na Italiya. Bai dawo ba. Da yake teku ce tsakanin Libiya da Italiya, kowa ya ɗauka Bahar Rum ce ta cinye shi. Can aka karkata akalar nema, kuma a haka maganar ta zauna shekara 15.

A 1958 wasu masu neman man fetur na Birtaniya suka hango jirgi kwance a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku. Da aka isa wurin a shekarar da ta biyo baya, sai ga Lady Be Good, ya karye biyu, amma rediyonsa na aiki, bindigoginsa ma haka, babu kowa a ciki. Ashe a daren nan jirgin ya wuce ta saman sansaninsa bai sani ba, ya yi ta nausawa kudu har mai ya ƙare. Mutanen suka diro da lema. Ɗaya ya mutu nan take domin lemarsa ba ta buɗe yadda ya kamata ba, takwas suka haɗu suka kama hanyar arewa a ƙafa, suna zaton gaɓar teku na kusa. A 1960 aka gano gawarwakin biyar daga cikinsu a wuri guda, bayan sun taka kimanin kilomita 130, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙi, Robert Toner, yake rubuta halin da suke ciki kullum. Ɗaya daga cikin taran, Vernon Moore, har yau ba a ga gawarsa ba.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya yi ƙarya. Jami'an da suka ce teku ce sun yi hasashe mai ma'ana da abin da ke hannunsu. Amma da ba a nemi man fetur a wannan yanki ba, da har gobe duk littafin da ya ambaci jirgin zai ce a teku ya faɗa, kuma zai kafa hujja da takardar hukuma.

Matsalar ƙananan aukuwa ke nan. Babban yaƙi yana da dubban shaidu, ɓangarori biyu sun rubuta, 'yan jarida sun rubuta, ƙarya ba ta da wurin ɓuya sosai. Jirgi ɗaya da ya ɓace da dare, ko biyu da suka yi karo a wajen atisaye, ko wanda 'yan uwansa suka harbo bisa kuskure, sau da yawa layi biyu ne kacal a wani kundi. Wani marubuci ya ɗauki layin nan ya ƙara masa gishiri, na biyu ya kwafa daga na farko, na uku ya kwafa daga na biyu. Bayan shekara 40 sai ka ga labarin a littattafai goma da shafukan intanet ɗari, ka ce ai ya tabbata. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan tarko: ruwaya goma da duk suka koma ga mutum ɗaya, ruwaya ɗaya ce. Don haka aikin farko shi ne bin isnadi baya-baya, har a kai ga wanda ya fara faɗa, a tambaya: ganau ne ko jiyau, kuma yaushe ya faɗa?

In an yi sa'a, bin diddigin zai kai ka ga takardun da aka rubuta a lokacin. Rundunar sojin saman Birtaniya tana da kundin ayyuka na kowace tawaga: Fom 540 na taƙaita abin da ya faru a wata, Fom 541 kuma na jera kowane tashi, da lambar jirgi, da sunayen mutanen ciki, da lokacin tashi da na sauka. Suna nan a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew a Landan, a rukunin da ake kira AIR 27. Amurkawa kuwa daga 1943 suka fito da rahoton ɓatan ma'aikatan jirgi, wanda doka ta ce a cike shi cikin kwana biyu, sau da yawa haɗe da bayanin waɗanda suka ga jirgin a karo na ƙarshe da ɗan zanen taswira. Takardu ne masu daraja ƙwarai. Sai dai a tuna wanda ya rubuta su: wani ƙaramin hafsa ko akawu, a gajiye, wani lokaci bayan kwanaki, yana kwafa daga allo ko daga takardar wani. Lamba ɗaya ta juye masa, jirgin da ya tarwatse ranar Talata sai ka gan shi ya sake tashi ranar Alhamis.

Ba a nan gizo ke saƙar ba ma. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: don me aka rubuta wannan takarda, kuma wa aka rubuta wa?

Ɗauki batun iƙirarin kakkaɓo jiragen abokan gaba. Ranar 15 ga Satumba, 1940, Birtaniya ta sanar cewa ta harbo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi, da aka buɗe takardun Jamusawa, adadin wajen 60 ne kawai. Ranar 14 ga Oktoba, 1943, Amurka ta tura jiragen B-17 guda 291 zuwa garin Schweinfurt na Jamus, ta rasa 60, aka kuma lissafa wa maharbanta jiragen Jamus 186, alhali abin da Jamus ta rasa wajen 40 ne. Mai karatu zai ce ƙarya ce tsagwaronta. Ni ban ɗauke ta haka ba. Ka sa kanka a wurin yaro ɗan shekara 20 da ke riƙe da bindiga a cikin jirgi, sanyi na neman tsinke masa yatsu, jirgin abokin gaba ya gifta cikin daƙiƙa uku. Ya harba, ya ga hayaƙi, ya ga jirgin ya yi ƙasa. Bai san maharba 15 a sauran jiragen ayarin duk wannan jirgi suka harba ba, kuma kowannensu zai rantse shi ya same shi. Bai san injin yana fitar da baƙin hayaƙi idan matuƙi ya taka shi iya ƙarfinsa ba, kuma yin ƙasa da sauri dabarar tsira ce. Jirgi ɗaya ya zama goma a takarda, ko ma jirgin da ya koma gida lafiya lau.

A yaƙin Koriya ma haka aka yi. Shekaru da dama ana maimaita cewa jiragen Sabre na Amurka sun harbo jiragen MiG-15 ƙirar Sobiyet guda 792, su kuma aka harbo musu 78, wato goma a kan ɗaya. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje aka samu shiga takardunta, sai lissafin ya ragu sosai. Su ma matuƙan Sobiyet sun yi iƙirarin harbo Sabre fiye da duk waɗanda Amurka ta rasa ta kowace irin hanya, nesa ba kusa ba. Kowa ya ja ruwa zuwa gonarsa, kuma akasarinsu da zuciya ɗaya.

Shi ya sa masu wannan bincike suke da ƙa'ida: kada ka tambayi maharbi abin da ya kashe, tambayi mai dabba abin da ya rasa. Kwamanda yana iya zuzuta nasara a sanarwar da za a karanta a rediyo, amma rahoton asarar da yake aika wa ofishin rabon kayan yaƙi wani abu ne daban, domin in bai faɗi jirgin da ya rasa ba, ba za a ba shi madadinsa ba. Jamusawa har awon ɓarna suke yi da kashi cikin ɗari: jirgi kaza, lamba kaza, ya lalace kashi 30, ko kashi 60 wanda daga nan ake cire rai da shi, ko kashi 100. Takardar da aka rubuta don neman kaya ta fi wadda aka rubuta don neman yabo gaskiya. Ko ita ma tana da lauje cikin naɗi. Jirgin da aka yi wa ruwan harsashi, ya lallaɓa ya koma gida, ya tarwatse wajen sauka, wani ofishin zai rubuta shi a asarar yaƙi, wani ya rubuta haɗari. Kafin ka kwatanta alƙaluman ƙasashe biyu, sai ka san abin da kowace take nufi da kalmar asara.

Wani lokaci takardar abokin gaba tana rusa labari gaba ɗaya. A Disamba 1941, kwanaki kaɗan bayan harin Pearl Harbor, jaridun Amurka suka cika da labarin Kyaftin Colin Kelly, wai jirginsa ya nutsar da katafaren jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Haruna a kusa da Filifin. Jarumtar mutumin gaskiya ce, ya mutu yana riƙe da jirginsa da ke ci da wuta don mutanensa su samu dirowa. Amma Haruna ba ta ma wannan yanki a ranar. Ta ci gaba da yaƙi har Yuli 1945, lokacin da aka nutsar da ita a tashar ruwan Kure ta Japan.

Sai ƙananan abubuwa masu cin rai, waɗanda su ne suka fi kayar da mai bincike. Agogo, misali. A lokutan bazara na yaƙin, Birtaniya ta tura agogonta gaba da awa biyu, wasu takardun kuma da lokacin Greenwich ake rubuta su, Jamus na da nata lokacin. Matuƙin Jamus ya ce ya harbo jirgi da ƙarfe 1:40 na dare, jirgin Birtaniya ya ɓace da 12:40, sai wani ya ce aukuwa biyu ce, alhali ɗaya ce. Ko kuma ya haɗa biyun da ba su da dangantaka don kawai lokacin ya yi kama. Tashin dare yana ratsa kwana biyu, wannan ofishi ya rubuta ranar tashi, wancan ya rubuta ranar faɗuwa. Ba'amurke in ya rubuta 4/5 yana nufin 5 ga Afrilu, Baturen Ingila yana nufin 4 ga Mayu. Mil na teku ya fi na tudu tsawo. Garuruwa sun sake suna, wasu sun sake ƙasa ma.

Lambar jirgi ita ce ta fi komai yanke gardama, amma a san wace lamba. Manyan haruffan da ake shafawa da fenti a jikin jirgi na tawaga ne. Jirgi ya faɗi yau, gobe a shafa wa sabo irinsu. Haka sunayen da sojoji ke raɗawa, jirage da yawa sun yi tarayya a suna ɗaya. Abin dogaro shi ne lambar da aka yi wa jirgin rajista da ita da waɗanda aka buga a jikin ƙarfen injin da bindigogi. A 1991 wani jirgin ruwan masu neman dukiyar ƙarƙashin teku ya ci karo da jiragen Avenger guda biyar a gaɓar Florida. Duniya ta ɗauka, aka ce an gano Flight 19, ayarin jirage biyar irin wannan samfuri da suka tashi daga Fort Lauderdale ranar 5 ga Disamba, 1945, da mutum 14, ba a sake ganinsu ba. Samfuri ɗaya, adadi ɗaya, yanki ɗaya. Da aka duba lambobi, sai ga shi ba su ba ne. Wurin filin koyon tuƙi ne a lokacin yaƙi, jirage da yawa sun faɗa ruwan.

Labarin Flight 19 ɗin kansa makaranta ne. Kalaman ban tsoro da ake jingina wa jagoran ayarin, wai ya ce komai ya sauya kama har tekun ma, babu su a rubutaccen bayanin maganganun rediyo da kwamitin binciken sojin ruwa ya tattara. A rubuce-rubucen mujallu na shekarun 1960 suka ɓulla, daga nan suka bazu. Abin da ke cikin bayanin na asali ba shi da armashi irin wannan: jagora, Laftanar Charles Taylor, ya yi zaton kamfas ɗinsa ya lalace, ya ɗauka yana wani wuri daban, dare ya yi, teku ta yi fushi, mai ya ƙare. Rahoton farko ya ɗora masa laifi. Mahaifiyarsa ta ƙi yarda, ta matsa, aka gyara rahoton ya koma cewa ba a san dalili ba. Wannan gyara da aka yi don sanyaya zuciyar uwa, shi masu shaci-faɗi suka mayar hujjar cewa hukuma ma ta rasa gane abin da ya faru. Duk wanda ya samu rahoto, ya tambaya ko shi ne na farko ko gyararre.

Zuwa nan duk kuskure muke magana. Akwai kuma inda hukuma ke shirga ƙarya da gangan, kuma a harkar jiragen soja ba abin mamaki ba ne. Da aka harbo Italo Balbo, gwamnan Italiya a Libiya, a saman Tobruk ranar 28 ga Yuni, 1940, bindigogin ƙasarsa ne suka kakkaɓo shi, amma aka sanar da mutuwarsa kamar a fagen fama da Birtaniya ya faɗi. Da Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin U-2 ranar 1 ga Mayu, 1960, Amurka ta ce jirgin binciken yanayi ne da ya ɓata hanya, sai ranar 7 ga wata shugaban Sobiyet Khrushchev ya bayyana cewa matuƙin, Gary Powers, yana hannunsu da ransa. Ita ma Sobiyet ɗin ta ɓoye nata: a wannan rana makamanta masu linzami sun harbo jirginta na MiG-19, matuƙinsa Sergei Safronov ya mutu, ba a faɗa wa jama'a ba sai bayan shekara kusan 30.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Waycross a jihar Jojiya ta Amurka. Ranar 6 ga Oktoba, 1948, jirgin B-29 ya faɗi a can, cikin mamatan har da injiniyoyi farar hula da ke gwajin wasu na'urori. Matan uku daga cikinsu suka kai ƙara, suka nemi a ba su rahoton haɗarin. Rundunar sojin sama ta ce akwai sirrin ƙasa a ciki. A 1953 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan gwamnati ba tare da alƙalan sun ga takardar ba, kuma wannan hukunci ya zama ginshiƙin dokar sirrin ƙasa a kotunansu. A 2000 'yar ɗaya daga cikin injiniyoyin ta samu rahoton ta intanet, bayan an cire masa takunkumi. Babu bayanin na'urorin sirri a ciki. Abin da ke ciki shi ne injin ya kama da wuta, kuma ba a yi wa jirgin gyare-gyaren da aka ba da umarnin yi ba.

Ganin irin wannan, wasu sai su zarce, duk inda takarda ta ɓata su ce an ɓoye. A yi hattara. Jamusawa sun ƙona mafi yawan takardun rundunarsu ta sama a 1945. Gobarar da ta tashi ranar 12 ga Yuli, 1973, a ma'ajiyar bayanan sojojin Amurka da ke St. Louis ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Giɓi a kundi giɓi ne kawai, ba ya tabbatar da maƙarƙashiya, ba ya kuma ƙaryata aukuwa.

Tsofaffin sojoji fa? A saurare su da girmamawa, suna ba da abin da takarda ba ta da shi. Amma ƙwaƙwalwa tana ɗinke abin da mutum ya gani da abin da ya karanta daga baya. Marubucin Faransa Antoine de Saint-Exupéry ya ɓace a jirgin leƙen asiri ranar 31 ga Yuli, 1944. Wani masunci ya tsinci munduwarsa a kusa da Marseille a 1998, aka gano tarkacen jirgin, lambarsa ta tabbatar da shi a 2004. Sai a 2008 wani tsohon matuƙin Jamus, Horst Rippert, ya ce shi ya harbo shi. Maganar ta fito ne bayan duniya ta riga ta san inda jirgin ya faɗa, kuma ba a samu takardar lokacin da ta mara mata baya ba. Irin wannan shaida ana rubuta ta da sunanta, wato iƙirari. Mutanen ƙauyen da jirgi ya faɗa kusa da su ma haka: za su kai ka daidai ramin, amma kada ka dogara da su wajen shekara ko samfuri. Hotuna kuwa, a duba lambar da ke jikin jirgin kafin a duba rubutun da ke ƙarƙashinsa, domin hoton faɗuwar jirgi guda yana yawo da sunaye biyar.

In ana son ganin yadda duk wannan ke haɗuwa, a dubi labarin jirgin sojan Suwidin samfurin DC-3. Ranar 13 ga Yuni, 1952, ya tashi daga filin Bromma a Stockholm da mutum takwas, ya ɓace a Tekun Baltik. Gwamnatin Suwidin ta ce atisayen koyon hanya yake yi. Sobiyet ta ce ba ta san zancen ba. Bayan kwana uku jiragen Sobiyet suka harbo wani jirgin Suwidin samfurin Catalina da ya fita nemansa, wani jirgin ruwan Jamus ya ceci mutanen ciki. Abin da aka samu na DC-3 ɗin shi ne kwale-kwalen roba na ceto, da ɓarɓashin harsashi a jikinsa. Shekara kusan 40 gwamnatoci biyu suna riƙe da ƙarya biyu, iyalai kuma suna rayuwa da jita-jitar cewa an kama mazajensu da rai an kai su sansanonin Sobiyet.

Gaskiyar ta zo ne a gutsure, daga wurare uku da ba su haɗa baki ba. Suwidin ta amsa cewa jirgin na sauraren siginar Sobiyet ne, biyar daga cikin takwas ɗin ma'aikatan hukumar leƙen asirin rediyo ne. A 1991 ɓangaren Sobiyet ya amsa cewa MiG-15 ne ya harbo shi, kuma Janar Fyodor Shinkarenko ya ce shi ya ba da umarnin. A 2003 wasu masu bincike masu zaman kansu suka gano tarkacen a ƙasan teku, zurfin fiye da mita 120, aka ɗago shi a 2004. Jikinsa duk hudar harsashi. Ɗaya daga cikin agogunan ɗakin matuƙi ya tsaya a 11:28 da daƙiƙa 40, 'yan mintuna bayan saƙonsa na ƙarshe.

Jirgin yana nan yau a gidan tarihin sojin saman Suwidin da ke Linköping, an shimfiɗa shi kamar yadda aka same shi a ƙasan teku. Gwajin ƙwayoyin halitta ya tantance gawarwakin mutum huɗu. Sauran huɗun ba a same su ba.